Yadda na koyi fizgar hannu har na fara samun bayan waɗanda suka fi ni jiki

Ni ba ni da jiki, kilo 64 nake, kuma a wajen da muke tirenin ɗin kokawa a Kaduna kusan kowa ya fi ni nauyi. Duk wanda ya taɓa shiga hannun mutumin da ya ba shi kilo 20 ko 25 ya san abin da nake nufi, in dai ka tsaya masa gaba da gaba ƙirji da ƙirji to kashinka ya bushe, ƙeya zai danne maka yana ja yana turawa har ƙafafunka su mutu, kafin a busa ƙarshen minti ukun farko numfashi ya ƙare maka. Shi ya sa nake son ba da labarin yadda na koyi fizgar hannu, wadda 'yan jim ke ce wa am dirag, don ita ce ta canja min kokawa gaba ɗaya, kuma inaga duk wani mai ƙaramin jiki irina da ita ya kamata ya fara kafin ya tafi koyon manyan ɗauke-ɗauken nan da ake gani a bidiyo.

Asali ni kokawar ƙasa na sani, irin ta ƙauyenmu can ƙasar Katsina kusa da bodar Nijar, wadda ake yi da kaka in an gama kai amfani gida. A can abin da muka tashi da shi shi ne ka samu ƙugun mutum, ko ka ɗauke masa ƙafa, ko ka sa masa taɗiya, kuma yawanci wanda ya fi ƙarfin kwankwaso shi ke tashi da nasara. Da aiki ya kawo ni birni sai wani abokin aikina ya kai ni wani ɗan zaure da aka shimfiɗa katifun wasa, ana haɗuwa bayan la'asar har zuwa kiran magariba. Kocinmu tsohon ɗan kokawar katifa ne, irin wadda ake yi a Olamfik, kansa ya fara furfura amma wlh in ya riƙe maka wuyan hannu sai ka ji abin har kafaɗa. Akwai kuma wasu samari da ke yin jujitsu irin na Brazil, wato kokawar da ake shaƙe wuya ko murɗe gaɓa har mutum ya sallama, a ɗaya gefen katifar, wani lokacin mu cakuɗu da su.

Abin da ke min ciwo dai shi ne irin wannan zauren ba shi da yawa a arewa. Ka duba Bayelsa, daga can Daniel Igali ya fito, wanda ya ci wa Kanada zinare a Olamfik ɗin 2000, daga can kuma Blessing Oborududu ta fito, wadda ta kawo wa Najeriya azurfa daga Tokyo a 2021, lambar Olamfik ta farko da ƙasar nan ta taɓa samu a kokawa. Mu kuma da kusan kowane ƙauye yake da filin kokawa da makaɗansa, yaranmu ba su san ma akwai hanyar da ke bi ta katifa ta kai mutum can ba. Toh wannan wata magana ce daban.

Koci ya ɗan jima yana kallon yadda nake shiga kafin ya ce min komai. Wata rana bayan wani mutumina mai sana'ar walda, kilo 90 da wani abu, ya gama wahalar da ni, sai ya kira ni gefe yace, "Ƙanena, kai da gaban mutum kake faɗa. Gaban mutum akwai hannu biyu, akwai kai, akwai ƙirji da gwiwa, duk makamansa a nan suke. Bayansa fa, me ke can?" Nace babu komai koci. Yace to can za ka ringa zuwa, kuma hanyar da ta fi kusa ta hannunsa take bi.

Ga yadda ya jera min ita. Muna fuskantar juna kowa ya ɗan rusuna, gwiwa a lanƙwashe. Hannuna na hagu zai kama wuyan hannunsa na dama, wato wanda yake saitina, ba sai na tsallaka ba. Wannan kamun ba shi ne babban aikin ba, nasa kawai ya ɗan sauke hannun ƙasa ya kawo shi tsakiya. Sai hannuna na dama ya ratsa ta ƙarƙashin hannun nasa ya shige can sama kusa da hammata ya ɗamƙo bayan damtsen. Yatsu biyar ɗin duk a haɗe wuri guda har da babban yatsa, a lanƙwashe, ba matse naman ake yi ba, saƙalo shi ake yi. Daga nan sai in saki wuyan hannun in ja damtsen ya gitta ta gabana ya nufi ƙuguna na dama, a daidai wannan lokacin ƙafata ta hagu ta taka ta wajen ƙafarsa ta dama, ƙirjina ya manne da bayan kafaɗarsa, hannun hagun nan da na saki ya zagaya ta baya ya kamo ƙugunsa na ɗaya gefen. In komai ya tafi daidai sai ka tsinci kanka a bayansa, kunnenka manne da gadon bayansa, shi kuma yana kallon bangon da babu kowa. A faɗa yana da tsawo amma a aikace bai kai ƙiftawar ido biyu ba.

In abokin tirenin ya miƙo maka hannu ya saki jiki, kowa ma zai iya tun ranar farko, kuma nan ne mutane da yawa ke tsayawa su ɗauka sun iya. Da aka ce a shiga da gaske sai abin ya ƙi. In saƙalo damtsen mai walda in ja da duk ƙarfina, mutumin nan ko gezau, hannu ne da ya saba ɗaga ƙarfen get tun safe, duk tabon tartsatsin wuta a jiki, sai dai ya ɗan ƙanƙame gwiwar hannunsa ya kalle ni. Wani lokacin ma jan da na yi shi ke kawo shi kaina da nauyinsa gaba ɗaya.

Koci ya bar ni na ɗan sha wuya tukuna, sannan ya tambaye ni, "Ka taɓa ganin yaron mota ya kama ƙarfen bayan mota tana tafiya? Motar yake jawowa ko kansa yake kaiwa?" Wlh wannan tambayar ita ce duk sirrin abin. Ba mutumin kake jawowa wajenka ba, kai ne kake kai kanka bayansa, hannunsa abin kamawa ne kawai. In mara nauyi ne shi zai taho, in mai nauyi ne kai za ka tafi, ko ta yaya dai ƙarshenta a bayansa kake. Kaga kenan ƙarfinsa ba matsala ba ne, asali ma in ya ƙanƙame hannun ya fi daɗin kamawa don ba zai lanƙwashe ya biyo ka ba.

Sai ya canja min tirenin ɗin. Ya sa mai walda ya kafa ƙafafunsa ya sandare hannu, yace kada in kuskura in yi ƙoƙarin motsa shi, nawa kawai in isa bayansa. A nan na gane ashe aikin na ƙafa ne. Takun nan na ƙafar hagu dole ya zama mai zurfi, ya wuce saitin diddigensa, in ka yi ɗan guntun taku a gefensa kawai za ka tsaya kuma gefe ba baya ba ne, juyi ɗaya zai yi ku koma fuska da fuska. Sannan ƙugunka ne zai fara tafiya ba kai ba, in ka miƙa kai da hannu ka bar ɗuwawu a baya to ka bar fili tsakaninku, kuma duk filin da ka bari nasa ne. A gida na samu tsohon tub ɗin tayar babur na yanka na ɗaura a ƙarfen taga daidai tsayin hammatar mutum, kullum da asuba bayan na dawo daga masallaci sai in saƙalo shi in taka in juya, in saƙalo in taka in juya, har ƙafar ta daina jiran sai hannu ya gama kafin ta tashi. Don su biyun tare suke tafiya, in ɗaya ya riga ɗaya an rasa.

Bayan ƙafa ta zauna sai maganar lokaci, kuma gaskiya wannan ta fi cin rai don ba a koyonta da tub. Mutumin da ya san kokawa ba zai bar hannunsa a waje haka kawai ba, gwiwar hannunsa na manne da haƙarƙarinsa, in ka miƙa hannun dama kana laluben hammatarsa daga nesa ya riga ya gan ka. Dole sai shi da kansa ya miƙo. To yaushe mutum ke miƙo hannu? Lokacin da zai kamo maka ƙeya, ko lokacin da ya dafa maka kafaɗa yana son ya tsare ka daga nesa. Akwai kuma wanda kai kake jawowa, ka ɗan ture shi da ƙirji ko ka daki kafaɗarsa da tafin hannu, ɗan Adam kuwa in ka ture shi sai ya rama, to wannan ramuwar kake jira, yana turowa nauyinsa ya riga ya taho gaba, kai dai ka kauce masa ka bi ta gefe.

Amma wadda na fi so, wadda har yau ita ce ta fi ci min, ita ce in bar shi shi ya kama ni. Manyan nan suna son riƙe wuyan hannun ƙaramin mutum don suna jin sun mallake shi. Sai in ɗan bar hannuna na hagu a gaba kamar na yi sakaci, yana cafkewa da damansa sai in kai hannun nawa ƙasa ta wajen ƙuguna na dama, hannunsa dole ya biyo tunda shi ya riƙe, kaga ya kawo min damtsensa har gida ba tare da na nema ba. Hannuna na dama na nan yana jira, in saƙalo, in murɗe na hagun ta wajen babban yatsansa inda riƙon ya fi rauni, in taka. Ranar da na fara samun mai walda da wannan, na ji nauyin mutumin nan ya wuce ta gabana shi kaɗai, ni ban ji na ja komai ba, sai gani na yi ina rungume da ƙugunsa ta baya. Ya juyo da kai yace, "Kai mutumina, ta ina ka bi?" Daɗin da na ji ranar Allah kaɗai ya sani.

Wani ƙaramin abu da ke da amfani, ka ringa kallon ƙafar da ya sa a gaba. In ƙafar dama ce a gaba to hannun dama za ka fizga, don ta wannan gefen bayansa ya riga ya ɗan buɗe, hanyar gajeriya ce. In ka fizgi hannun da ƙafarsa ke baya sai ka zagaya mutum guda cur kafin ka isa, shi kuma ba itace ba ne da zai tsaya jiranka.

Ba a daɗe ba 'yan zauren suka gano ni, sai aka fara rama min da irin tawa. Abin da ke faruwa shi ne, lokacin da hannunka na dama ke saƙale da damtsensa na dama, to shi ma tafin hannunsa yana nan daf da naka damtsen. In ka yi jinkiri ko na daƙiƙa ɗaya, ko ka bar gwiwar hannunka ta buɗe, sai kawai ya saƙalo naka ya fizge ka da irin ƙarfin da kai ka taho da shi, kai da ka fita neman bayan wani sai ga wani a bayanka. Akwai wani siririn yaro ɗalibin kwaleji da ya ƙware a wannan, in muka haɗu sai mu yi ta zagaya juna, na fizga ya fizga na fizga, har koci ya tafa hannu ya raba mu. Maganin da koci ya ba ni guda biyu ne kuma duk sun yi aiki. Na farko ja ƙasa ake yi ba gefe ba, gwiwar hannunka ta dawo ta manne da haƙarƙarinka, hannunsa ya ƙare a wajen aljihun wandonka, daga can ba shi da ta inda zai kamo ka. Na biyu kuma hannun hagu kada ya yi wasa, ƙugun can na nesa shi ne birki, da zarar yatsunka sun kama ƙashin ƙugun nan ba zai iya juyowa ya fuskance ka ba balle ya rama.

Zuwa baya kuma ba shi ne ƙarshe ba. A dokar kokawar katifa in kana tsaye a bayan mutum kana rungume da shi ba ka ci komai ba tukuna, sai ka kai shi ƙasa gwiwarsa ta taɓa katifa kana bayansa kana iko da shi sannan alƙali zai ɗaga maka maki 2. To a nan ma akwai karatu. Kai dai ya zauna a tsakiyar baya, kunne a manne, in ka leƙo da shi ta gefen hammatarsa zai naɗe maka wuya. Hannu biyun tafi da tafi ake haɗa su, ba a sarƙe yatsu cikin yatsu, in kuka faɗi a kansu haka karaya ce. Kuma kullin kada ya zauna a kan cibiyarsa, a kai shi gefe kan ƙashin ƙugu, don 'yan jujitsun nan in suka ga hannu a tsakiya sai su kama wuyan hannun su zura nasu su murɗe maka kafaɗa ta baya, abin da suke kira kimura, na ɗanɗana kuma ba na fatan wani ya ɗanɗana. Ni da yake ba ni da ƙarfin ɗaga mutum sama, abin da nake yi shi ne in sa tafin ƙafata a bayan diddigensa in ja shi ta wannan kusurwar ya zauna, ko in tura shi gaba da ƙugu in ya dafa ƙasa in bi shi. Masu ɗagawa su maka mutum kuma don Allah a ringa lura da wuyan abokin tirenin, gobe ma da shi za ka yi, kuma yana da iyalin da yake nema wa abinci.

In kuma fizgar ba ta kai ka baya ba, ba asara aka yi ba, wannan ne ma ya sa na ƙara ƙaunarta. In ya yi saurin juyowa, ƙafarsa ta dama tana nan a gabanka ba mai tsaronta tunda hannun da zai kare ta yana wajenka, sai ka sunkuya ka ɗauke ta. In kuma ya fizge hannunsa baya da ƙarfi, to jikinsa zai miƙe sama, ƙasa ta buɗe, sai ka bi shi ka shige ƙafa biyun gaba ɗaya. Yanzu rabin ƙafafun da nake ɗauka daga fizgar da ta ƙi suke fitowa.

Ɗaya daga cikin samarin jujitsun ne ya nuna min wani bidiyo a wayarsa, yace tunda wannan abin kake so to zo ka ga mai shi. Marcelo Garcia kenan, ɗan Brazil, a gasar ADCC ta 2003 da aka yi a Sao Paulo, gasar kokawar shaƙa da murɗe gaɓa da Shehu Tahnoun bin Zayed na Abu Dabi ya kafa tun 1998. Lokacin ba a san shi sosai ba, aka haɗa shi da Vitor Shaolin wanda sunansa ya riga ya yi nisa, ya fizgi hannunsa ya haye bayansa ya shaƙe shi har ya suma, ko minti ɗaya ba a yi ba. Ya ci zinaren ajinsa a wannan shekarar, ya sake ci a 2005 da 2007 da 2011, kuma mutum ne da bai kai kilo 80 ba amma yana shiga ajin da ba ruwansa da nauyi, a 2005 har Ricco Rodriguez ya kayar, wanda ya taɓa riƙe kambun masu nauyi na UFC, babbar gasar faɗan da ke haɗa dambe da kokawa. Na maimaita bidiyon nan ina tsayar da shi ina mayarwa baya, abin da na lura da shi kuma shi ne abin da koci ya faɗa min, mutumin ba ja kawai yake yi ba, jikinsa gaba ɗaya yake jefawa ta gefe.

Shi Marcelo sau da yawa ma daga zaune yake yinta, sai na ce 'yan jujitsun su koya min. Kana zaune a katifa, ƙafafunka biyu a cikin cinyoyinsa, shi yana durƙushe ko ya sunkuyo yana neman wucewa. Kamun duk ɗaya ne, wuyan hannu da bayan damtse, sai dai maimakon taku da ƙafa ɗuwawunka ne za ka ja ka matsa hagu, shi kuma ya faɗo da hannuwa daidai inda ka tashi. Daga nan ka miƙa hannun hagu ta kan bayansa ka kamo can gefen, ka hau, hannu ɗaya ta kan kafaɗa ɗaya ta ƙarƙashin hammata ka kulle a ƙirjinsa, ka zura diddige biyu cikin cinyoyinsa. A yawancin gasar jujitsu wannan zaman maki 4 ne, babu wanda ya fi shi, kuma daga nan wuya ake nema. In mutum ya bubbuga maka hannu alamar ya sallama, a take ake saki, ba a ƙara ko daƙiƙa. Koyon ta zaune ya gyara min ta tsaye, don a zaune ba ka da ƙarfin jan kowa, dole ka motsa kanka.

Sai zafin watan Maris da Afrilu ya zo, zaure ba iska, wani lokacin ba wuta balle fanka, kowa ya jiƙe sharkaf. Damtsen da ka saƙalo sai ya sulɓe, ka fara daga sama ka ƙare a gwiwar hannu ko ma ka tashi da iska. Abin da ya fisshe ni shi ne ƙara zurfin kamun, ba yatsu kaɗai ba, hannun ya shige har wuyan hannunka ya daki cikin hammatarsa, yatsu su kusa taɓa allon kafaɗa, kaga ko ya zame yana da sauran tafiya kafin ya kuɓuce, kafin nan kai ka wuce. Farce kuma a yanke shi kafin a zo, fatar cikin damtse ba ta da kauri, ana yagar mutane a banza.

Da kaka ta zagayo na je gida. Ana ta kokawa a filin bayan makarantar firamare da yamma, ganga na tashi, yara sun yi da'ira, kowa in zai shiga sai ya duƙa ya murza ƙasa a tafin hannu. Dama tun ina can nake ta tunanin ko wannan abin zai ci a kan rairayi, don akwai bambanci. A filinmu in gwiwarka ta taɓa ƙasa ko ka dafa da hannu biyu an yi kaye, saboda haka duk wata shiga ta durƙuso da muke yi a katifa babu ita. Sannan 'yan kokawar ƙasa suna sunkuyawa sosai, kai da kai, ƙugu can baya, a yi ta kaɗe hannun juna ana jiran wanda zai yi sake. Duk mai kallon gasar takobi ta Nijar, wadda ake yi tun 1975 da aka fara a Tahoua, ya san wannan dogon laluben, su Issaka Issaka na Dosso sai su ɗauki mintuna ana wasan hannu kafin a ga an shiga jiki. Da can gani nake ɓata lokaci ne, yanzu kuwa nan ne na fi zuba ido, don na san duk wanda ya miƙa hannu ya wuce ƙa'ida ya ba da hanya.

Ɗan baffana aka fito min da shi, manomi ne ƙaƙƙarfa, tun muna yara shi ke kayar da ni. Muka sunkuya, ya kaɗe min hannu na kaɗe nasa, ya sake, can sai ya miƙo dama zai kamo min ƙeya kamar yadda ya saba. Na tare wuyan hannun na sauke, na zura dama har hammata, na taka. Da yake a sunkuye yake sosai nauyinsa duk yana gaba, ban ma kai ga rungumar ƙugun ba ya tafi da gudu-gudu taku biyu ya dafa ƙasa da hannu biyu. Fili ya ɗauki ihu, mai ganga ya canja kiɗa. Ya tashi yana karkaɗe hannu yana dariya yace, "Ɗan'uwa, wannan kuma a birni aka sayo ta?"

Bayan an watse wani dattijo da ya yi tashe a kokawa zamaninsa, Baba muke ce masa duk garin, ya aiko yaro ya kira ni. Na je na durƙusa na gaishe shi, yace ɗana, abin da ka yi ɗazu ai mun yi shi muna samari, sai dai ka bar rabinsa a hanya. Nace Baba a nuna min. Ya miƙe da ƙyar ya jingine sandarsa, ya ce in miƙo hannu. Kamunsa kusan irin na koci ne, sai dai shi bai damu da zagayawa baya ba, yana jan damtsen sai ya sa ƙafarsa ta dama ya tare gaban ƙwaurina na dama, daidai ƙafar da dole in taka da ita in tsare kaina daga faɗuwa. A hankali ya yi amma sai da na dafa ƙasa. Yace wanda aka ja gaba dole ya nemi wurin taku, in ka hana shi wurin ba sai ka bi shi baya ba.

Na koma Kaduna da ita na nuna wa koci, ya sa na maimaita masa a jikinsa, yace tana da kyau amma a katifa kada in tsaya kallo in mutum ya dafa ƙasa, don a nan dafawa ba kaye ba ne, sai na bi shi na hau baya kafin maki ya fito. Ita nake ta gyarawa yanzu, ita da fizga ta ɓangaren hagu, don akwai wani bahago da ya shigo zauren kwanan nan, ƙafar hagu yake sawa gaba kuma hannunsa na dama ba ya fitowa ko kaɗan. Na mayar da tub ɗin ɗaya gefen tagar, hannun hagu ke saƙalowa ƙafar dama ke takawa, har yanzu ƙafar tana ɗan makara amma ta fara biyowa.